Tauraron Wasan Kwamfuta a Duniyar Mutane: Nazari a kan Wani Reshe na Labarin Goyo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nazarin wani reshe na ƙagaggun labarai wanda ya yi ƙarfi a Amurka da Turai da Japan, watau labaran da masu sha'awar wani littafi ko fim ko wasan kwamfuta kan rubuta da kansu, su ɗauki taurarin da wani ya ƙirƙira su ci gaba da ba da labarinsu, ba tare da an sa su ba, ba kuma don a biya su ba. A cikin wannan takarda za mu riƙa kiran irin wannan rubutu "labarin goyo", saboda dalili biyu. Na farko, magoya bayan aikin ne ke rubuta shi. Na biyu, shi kansa labarin a bayan wani labari yake goye, in aka kwance zanen sai ya faɗi.

Ba dukkan fagen za mu zagaya ba, domin yana da faɗi. Abin da za mu sa wa ido shi ne abin da kan faru idan marubucin goyo ya ciro tauraro daga cikin wasan kwamfuta ya dasa shi a duniya irin tamu, inda ake biyan kuɗin haya, ake jinya, ake mutuwa. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa wannan dashe yana da wata wahala wadda babu ita a goyon littafi ko na fim, kuma ingancin labarin ya rataya ne a kan ko marubucin ya tari wahalar gaba da gaba ko kuwa ya kewaye ta.

2.0 Asalin Labarin Goyo

Gina aiki a kan aikin wani ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tahamisi, inda sha'iri kan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ƙara masa uku. Haka nan Gizo ba shi da ubangiji, duk mai tatsuniya yana da ikon aikensa inda ya ga dama. Rigima ta faro ne sa'ad da ɗab'i ya sa tauraro ya zama dukiyar mutum guda. A shekarar 1605 Cervantes na ƙasar Sifen ya buga kashi na farko na Don Quixote. A 1614 sai wani da ya ɓoye kansa da sunan Avellaneda ya fitar da nasa ci gaban labarin. Cervantes ya fusata, ya fito da kashi na biyu a 1615, ya yi wa littafin wancan ba'a a ciki, sa'an nan ya kashe tauraronsa a ƙarshe don kada wani ya sake tayar da shi. A Ingila kuwa akasin haka aka yi. Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893 saboda ya gaji da shi, masu karatu suka ƙi yarda, har a 1903 ya dawo musu da shi da rai. Muna roƙon masu sauraro su riƙe waɗannan misalai biyu, domin sun nuna cewa tun farko a kan mutuwar tauraro ne mai labari da magoya bayansa suke jan igiya.

Labarin goyo irin na zamani ya kankama ne da shirin talabijin na Star Trek wanda aka fara nunawa a Amurka a 1966. A 1967 masu kallonsa suka fitar da wata 'yar mujalla tasu mai suna Spockanalia. Kafin a je ko'ina har fagen ya haifi matarkansa na cikin gida: a 1973 Paula Smith ta rubuta wani gajeren labari na ba'a wanda tauraruwarsa, Mary Sue, yarinya ce da ta fi kowa kyau da basira, kowa a jirgin yana sonta. Tun daga nan sunan ya zama laƙabin duk tauraron da marubuci ya ƙera don ya shiga labarin da kansa a yabe shi. A 1992 Henry Jenkins ya buga Textual Poachers, inda ya kamanta magoya baya da masu farauta a dajin da ba nasu ba. Zuwan intanet ya mayar da 'yan mujallun nan manyan rumbuna: FanFiction.net a 1998, sai Archive of Our Own wanda aka buɗe wa jama'a a 2009, ya kuma ci lambar yabo ta Hugo a 2019. Labaran da ke cikinsu miliyoyi ne.

Kada a ɗauka aikin 'yan koyo ne kawai. Marc Laidlaw, wanda ya rubuta labarin wasannin Half-Life, ya bar kamfanin Valve a 2016 alhali labarin yana rataye tun 2007. A 2017 ya fitar da ƙarashen labarin da kansa, amma sai da ya sauya sunayen taurarin da jinsinsu, domin ba nasa ba ne, na kamfani ne. Watau uban labari ya koma ɗan goyo a kan abin da ya haifa.

3.0 Yadda Aka Ƙera Tauraron Wasa

Don Quixote da Holmes da Spock duk suna da hali wanda aka riga aka rubuta. Mun san yadda suke magana, mun san abin da ke ɓata musu rai. Mai goyonsu yana da ma'auni, mai karatu ma yana da shi, zai iya cewa Holmes ba zai faɗi haka ba. Tauraron wasan kwamfuta kuwa, musamman na farko-farko, don hannun mai wasa aka ƙera shi.

Mu ɗauki Mario. Sa'ad da Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya zana shi don wasan Donkey Kong a 1981, ɗige-ɗigen da allon na'ura ke iya nunawa kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka aka sa masa gashin baki don a huta da zanen baki, aka sa masa hula don a huta da zanen suma, aka ba shi rigar aiki mai launi dabam don a ga motsin hannuwansa. Da farko kafinta ne, domin a wurin gini ake wasan. A 1983, da aka mayar da fagen ƙarƙashin ƙasa cikin bututai, sai ya zama mai gyaran famfo. Kamanninsa da sana'arsa duk larurar na'ura ce ta haife su. A 1927 E. M. Forster ya kasa taurarin ƙagaggen labari gida biyu, shimfiɗaɗɗu masu hali guda da ba ya sauyawa, da kuma cikakku masu iya ba mai karatu mamaki. A ganinmu Mario na 1981 bai kai ko shimfiɗaɗɗen ba, riga ce da mai wasa ke sawa.

Daga wannan asali ne siffofi uku suka fito. Tauraron wasa sau da yawa bebe ne: Link na The Legend of Zelda, wanda ya fito a 1986, da Gordon Freeman na Half-Life, wanda ya fito a 1998, ba a jin maganarsu, an bar gurbin ne don mai wasa ya cika. Sa'an nan ayyukansa ba su da hisabi, yakan kashe ya ƙwace ya wuce, ba wanda zai tuhume shi. Siffa ta uku ita ce mafi girma, watau ransa ba ɗaya ba ne. In ya faɗa rami sai a sake farawa. A wannan fuska ya fi kama da Gizo fiye da Holmes, domin Gizo ma kome dukan da ya sha a tatsuniyar jiya, yau zai fito garau ba tabo.

4.0 Dashe a Duniyar Mutane

Hanya mafi sauƙi ita ce ta barkwanci, kuma ba za mu daɗe a kanta ba. A cikin wasa Link yakan faɗa gidan mutane ba sallama, ya farfasa tukwanensu ya kwashe kuɗin da ke ciki, masu gida suna tsaye suna kallo. Marubucin goyo sai ya kawo shi unguwa irin tamu ya bar shi ya yi haka, maigida ya kira 'yan sanda. Abin yana ba da dariya, kuma akwai tarke a cikinsa, tun da yana tona asirin ƙa'idojin da mai wasa ya saba da su har ya daina ganinsu. Amma dariya ɗaya ce, in aka maimaita ta sau uku ta ƙare.

Hanya ta biyu ta fi yawa, ita ce kuma muke da ƙorafi a kanta. Marubuci yakan ɗebo taurarin wasa gaba ɗaya ya zuba su a makarantar sakandare, ko jami'a, ko shagon sayar da gahawa, wanda a can yake matsayin teburin mai shayi a nan. Jarumin da ya ceci duniya ya zama mai haɗa gahawa, abokiyar yaƙinsa ta zama mai zuwa saye kullum safiya, mugun sarki ya zama shugaban makaranta ko mai gidan haya. Daga nan sai soyayya. Tambayar da ya kamata matarki ya yi ita ce, me ya saura na tauraron? In aka cire wa Holmes birnin Landan, kaifin hankalinsa da girman kansa suna nan. In aka cire wa Link takobi da kurkuku da dodo, abin da ya rage suna ne da launin gashi da kunne mai tsini. Dole marubucin ya zuba wani hali a cikin wannan riga, kuma halin da ya fi kusa da hannunsa shi ne nasa, ko na wanda yake mafarkin samu. Ta haka Mary Sue, wadda aka kora ta ƙofar gaba tun 1973, takan dawo ta ƙofar baya sanye da rigar Link.

Kamfanoni masu kuɗi ma sun faɗa wannan rami. Fim ɗin Super Mario Bros. na 1993 ya ɗauki Bob Hoskins ya mai da shi Mario, mai gyaran famfo na gaske a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, ga bashi ga rashin ciniki. Fim ɗin ya faɗi a kasuwa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne da aka raba Mario da tsallen da mai wasa ke sa shi yi, ba a sami kowa a cikin rigar ba, sai da aka ƙago wani mutum dabam. Fim ɗin 2023 ya yi nasara ƙwarai, amma na zane ne, kuma bai daɗe a Brooklyn ba ya tura Mario cikin bututu ya mayar da shi duniyarsa.

Masu kare labaran shagon gahawa suna da hujja, kuma adalci ne a kawo ta. Sukan ce mai wasa ya yi sa'o'i hamsin ko sittin tare da waɗannan taurari yana kallonsu cikin wahala, saboda haka yana so ya ba su hutun da wasan bai ba su ba, ya ga sun zauna sun ci abinci. Mun yarda wannan buƙata ce ta gaskiya, mun kuma yarda cewa ga taurari masu baki da cikakken hali, irin abokan tafiyar Shepard a Mass Effect, dashen yakan kama. Inda muka rabu da su shi ne, hutu ba ya da ɗanɗano sai ga wanda ya gaji. In an shafe yaƙin gaba ɗaya, aka ce bai taɓa faruwa ba, to wanda ke zaune a shagon ba hutawa yake yi ba, zama kawai yake yi.

4.1 Matsalar Rai Guda

Hanya ta uku ita ce wadda ke kawo tauraro duniyarmu tare da kayansa, watau tare da abin da ya aikata da abin da aka aikata masa. A nan ne muke ganin labarin goyo yana yin aikin da wasan kansa ba ya iya yi.

A wasan kwamfuta mutuwa iri biyu ce. Akwai mutuwar wasa, wadda ake warkewa daga gare ta, akwai kuma mutuwar labari, wadda ba a dawowa. Final Fantasy VII na 1997 ya haɗa su a wuri guda har abin ya zama abin misali. Tun farkon wasan, duk abokin da ya faɗi a fagen fama akan tashe shi da wani gashin tsuntsu da ake saye a kanti. Sai ga shi a tsakiyar labari Sephiroth ya soke Aerith, yarinyar nan mai sayar da furanni, kuma gashin tsuntsun bai yi amfani ba. Masu wasa suka yi shekaru suna yaɗa jita-jitar cewa akwai wata ɓoyayyar hanyar tayar da ita, alhali babu, marubutan goyo kuma suka yi ta tayar da ita a takarda, kamar dai yadda kakanninsu suka nema wa Holmes. Abin lura shi ne duniyar mutane mutuwa ta biyun kaɗai ta sani. Ko masu fim ɗin Wreck-It Ralph na 2012, wanda na yara ne, sun gane haka, shi ya sa suka kafa dokar cewa tauraron da ya mutu a wajen wasansa ya mutu ke nan. Ba don wannan doka ba da babu abin da zai sa gaban mai kallo ya faɗi.

Haka batun hisabi yake. A 2007 Clint Hocking, yana tarken wasan BioShock, ya ja hankali ga saɓanin da kan auku tsakanin abin da labarin wasa ke faɗi da abin da hannun mai wasa ke aikatawa. Tomb Raider na 2013 misali ne a fili: an nuna Lara Croft tana rawar jiki da kuka sa'ad da ta fara kashe mutum, amma ba da jimawa ba mai wasa ya sa ta tana zubar da mutane ba adadi. Wasan yana iya ɗauke kai daga wannan, domin hannu yana cikin aiki. Marubucin da ya dawo da ita gida Ingila, ya zaunar da ita a ɗaki shiru, ba shi da wannan mafaka. Tilas ya yanke hukunci ko wace ce ita, mai kukan ko mai kisan, ko kuwa ya nuna yadda mutum guda zai ɗauki su biyun ya yi barci.

Aikin da muke ganin ya fi kowane cin wannan jarrabawa ta hanyar raha shi ne Freeman's Mind na Ross Scott, wanda ya fara a 2007 ya kammala a 2014. Scott ya bi wasan Half-Life daga farko har ƙarshe yana ɗauka a bidiyo, ya ɗora muryarsa a matsayin tunanin Gordon Freeman. Bai fitar da Freeman daga tashar bincike ta Black Mesa ba, duniyarmu ya shigar masa cikin ka. Freeman ɗinsa masanin kimiyya ne mai girman kai da zargi da tsoro, wanda ya san ransa ɗaya ne, yana ƙorafi a kan wanda ya gina gada ba makari, yana neman hujjar da zai kare kansa da ita a kan gawarwakin da ya bari a baya. Gwanintar ita ce wannan hali daga ayyukan wasan aka tsamo shi. Scott ya tambayi kansa wane irin mutum ne zai aikata duk abin da mai wasa ke sa Freeman ya aikata, amsar da ya samu kuwa ba jarumi ba ce.

4.2 Misalin Undertale

Mun keɓe wa wannan wasa wuri na musamman saboda shi da kansa ya buɗe ƙofar dashen. Toby Fox ya fitar da shi a 2015. Labarin wani yaro ne da ya faɗa ƙarƙashin dutse inda mutane suka kulle dodanni tun zamanin dā. Mai wasa yana iya gamawa ba tare da ya kashe kowa ba, in ya yi haka sai shingen ya karye, dodannin su fito su zauna tare da mutane. Nan wasan ya tsaya, nan kuma marubutan goyo suka ɗauka: neman aiki, neman gidan haya, ƙyamar da mutane ke nuna wa baƙin halitta.

Abin da ya bambanta Undertale shi ne ya mayar da ikon sake farawa wani ɓangare na labarin. Wasan yana tuna abin da mai wasa ya yi ko da ya goge ya koma baya. Wanda ya taɓa karkashe kowa har ƙarshe, ko ya dawo ya bi hanyar lumana, ƙarshen da zai samu gurɓatacce ne. Akwai kuma Sans, wani ƙwarangwal malalaci mai yawan barkwanci, wanda daga baya ake gane cewa lalacinsa na fid da rai ne, domin ya fahimci wani yana tsayar da zamani yana mayar da shi baya, saboda haka bai ga amfanin ƙoƙari ba. Bayan kyakkyawan ƙarshen ma, in mai wasa ya sake buɗe wasan, furen nan Flowey yakan fito ya roƙe shi ya ƙyale su su ci gaba da rayuwarsu.

Saboda haka Sans na labarin goyo yakan iso duniyar mutane da wani ciwo wanda babu tauraron littafi da zai iya zuwa da shi. Sau da yawa za a same shi ya farka cikin dare a firgice, yana duba ko har yanzu a sarari yake ko an mayar da shi garin ƙanƙara na ƙarƙashin ƙasa. Mutum yana tsoron ranar da ba za a iya maimaitawa ba, shi kuwa yana tsoron a maimaita masa. Wannan jigo ne na gaske, kuma daga ƙa'idar wasan ya tsiro.

Sai dai yawancin marubutan sukan warware jigon ta hanyar da ke rushe shi. Akwai wani salo da ya yaɗu ƙwarai inda ake rubuta labarin da lamirin mutum na biyu, a ce "ke" ko "kai", a bar gurbin suna don mai karatu ya sa nasa. Wannan "ke" ɗin ce kan haɗu da Sans, ta so shi, tsoronsa ya warke. Amma a cikin wasan, wane ne "kai"? Shi ne mai riƙe da madannai, shi ne wanda Sans ke tsoro, shi ne wanda Flowey ya roƙa. Marubucin goyo ma wannan iko ne a hannunsa, tun da kowane sabon labari sake farawa ne, kuma magoya bayan wasan sun yi ta mayar da taurarin ƙarƙashin ƙasa a duniyoyi irin su Underfell, inda kowa mugu ne, da Underswap, inda aka musanya musu halaye. Labaran da muke ganin sun cancanci a sa su gaban ɗalibin adabi su ne 'yan kaɗan ɗin da suka lura da wannan, suka bar Sans yana kallon mai lallashinsa da zargi har shafin ƙarshe, domin a bisa abin da wasan ya kafa zarginsa yana kan hanya.